Babur ɗin da ya ƙi tashi da asuba: nazarin wani gyara a Tawa lokacin hunturu

Mai babur ɗin dattijo ne, manomin albasa, yana da garka a fadama bayan garin Tawa. Babur ɗin 125 ne mai bawul, irin waɗanda aka ƙera kan tsarin Honda CG125. Ya haura shekara goma a kan hanya, kuma na hannu ya saye shi. Batir ya daɗe da mutuwa, da kik ake tayar da shi, amma ba nan matsalar take ba, don a wannan inji wutar buji daga koyil ɗin cikin injin take fitowa, ba daga batir ba. Na ga ya dace in rubuta gyaran nan dalla-dalla, saboda duk shekara daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu irinsa ne ke cika mana gareji, kuma sau da yawa akan farke injin da bai kai a farke shi ba, a cinye kuɗin talaka a banza.

Ranar Lahadi ya zo, kasuwa na ci. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, wanga moto da rana lahiya lau shike, bugu guda ya tashi. Da asuba ko, sai na yi gumi cikin wanga ɗari bai ce uffan ba. In na ja cok wani bi shi tashi, ina maida shi, shi mutu." Shi ya sa ya koma barin cok ɗin, wato ɗan hannun da ake ja don ƙara wa inji mai sanyi mai, a jaye har ya isa garka. Daga nan mai ya fara ƙarewa da wuri, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, buji ya canza ya sake canzawa. Wasu safiyoyin jikokinsa ne ke tura shi har bakin titi. Ban ruwan albasa kuwa ba ya jiran kowa, ga shi sabon dashe ne, in ya sha ƙishi nan take yake nunawa a ganye. Wani mai gyara ya riga ya ce masa injin ya gaji, a sauke shi a sa sabon fistan da zobba. Kuɗin da aka yanka masa shi ne wanda ya ajiye na taki.

Kafin in taɓa kowane noti sai da na yi masa tambayoyi, kuma biyu daga cikin amsoshinsa suka nuna mini hanya. Ta farko, a damunar bara da hunturun da ya gabace ta bai taɓa jan cok ba, babur ɗin na tashi haka nan ko da asuba. Ta biyu, a watan Nuwamba wani yaro ya wanke masa soson filtar iska, karo na farko cikin lokaci mai tsawo, kuma a cewarsa ƙurar da ta fito ta cika tafin hannu. Ya ji daɗin wankin, don babur ɗin ya ƙara ƙarfi a yashi. Bai haɗa wannan da ƙin tashin da ya biyo baya ba, kuma ba laifinsa ba ne, tunda makonni ne tsakani.

Ba baƙon cok ba ne. Injin ban ruwansa na da shi, kuma kullum yakan rufe, ya ja igiya, inji ya tashi, ya buɗe. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne a babur wannan tsari ya ƙi ci.

Na ce, "Baba, ku bar mini shi ya kwana nan, gobe bayan sallar asuba ku zo mu tayar da shi tare." Bai so ba, amma ya yarda. Wannan sharaɗi ba na sassauta shi ga kowa. Babur ɗin da aka hau aka zo da shi gareji da hantsi injinsa da ɗumi, ko minti biyar kawai ya yi a hanya, kuma ɗumi yana rufe kusan duk cutar da sanyi ke tonawa. Makanikin da ya yanke hukunci kan ƙin tashin asuba da ƙarfe goma sha ɗaya na rana, kintace kawai yake yi.

Washegari na ce ya tayar da shi yadda ya saba, ni kuma na tsaya ina kallon hannunsa. Ya buɗe famfon mai. Ya ja cok gaba ɗaya. Ya murɗa totur ya saki, ya murɗa ya saki, a tunaninsa yana tura mai cikin inji, alhali karbiraton wannan babur, wato inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji, ba shi da famfon feshi, in inji ba ya juyawa murɗa totur ba ta aika ko ɗigo. Sannan ya riƙe totur ɗin a buɗe sosai ya fara buga kik da sauri, gajerun bugu daga tsakiya. Injin ya yi tari guda ya yi shiru. Ya ci gaba da bugu, cok na jaye. Can sai warin ɗanyen esansi ya cika wurin. Na ce ya dakata. Da na kwance buji na haska da tocila, bakinsa baƙi ƙirin da kunkunniya, ga shi jiƙe sharkaf. Ko wuta ta zo, ba za ta tsallaka tsakanin ƙarafan nan biyu ba, sai ta bi ta jikin dattin ta sulale.

Abin da sanyi ke yi wa mai

Esansi ba ya kamawa yana ruwa, tururinsa ne ke ci da wuta, kuma sai ya gauraya da iska a wani ƙayyadadden awo. In tururin ya gaza kimanin kashi 1.4 cikin 100 na iskar, ko ya haura kimanin kashi 7.6, tartsatsin buji ba zai kunna shi ba. Injin da ya yi zafi yana aiki daidai da iska giram 14.7 a kan kowane giram ɗaya na esansi, ko kusa da haka. Da asuba kuwa ƙarfen duk ya yi sanyi. Man da karbirato ya fesa, maimakon ya tashi ya zama tururi, sai ya manne a bangon hanyar shiga da jikin silinda, kamar yadda tururi ke komawa ruwa a jikin murfin tukunya. Ɗan abin da ya isa bakin buji bai kai awon da zai kama ba. Ga kuma iskar kanta ta fi nauyi: iskar digiri 15 ta fi ta digiri 40 cika da fiye da kashi 8 cikin 100, wato inji na shaƙar iska da yawa a daidai lokacin da mai ke ƙin tashi.

Aikin cok shi ne gyara wannan awo na ɗan lokaci. A irin wannan babur wani ɗan faranti ne a bakin karbirato, ta ɓangaren filta. In aka ja shi ya tare hanyar iska, zuƙar fistan sai ta koma kan ƙofofin mai, ta jawo shi fiye da kima, ta yadda ko mafi yawansa ya manne a bango, wanda ya rage ya isa ya kama. Da zarar inji ya tashi ƙarfe ya fara ɗumi, man da ke mannewa sai ya fara tashi shi ma, kuma daga wannan lokaci cok ya zama cuta.

Ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da ɗarin Adar, yankin namu na Tawa. Mu yana shiga mana ƙashi, saboda iskar hunturu da bushewa, amma a wajen inji ba wani sanyin kirki ba ne. A Janairu daren Tawa yakan sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Littattafan da Honda ke bayarwa tare da baburanta sun raba tayar da inji gida uku: ƙasa da digiri 10, tsakanin 10 da 35, da sama da 35 inda suka ce kada ma a taɓa cok. Ke nan yawancin safiyoyinmu na hunturu suna cikin rukunin tsakiya ne, na yanayin yau da kullum. Lafiyayyen inji a nan cok na rabin minti zuwa minti ɗaya ya ishe shi. In babur ya nemi fiye da haka, in ya mutu da zarar an mayar da cok bayan ya yi ɗumi, to ba sanyi ba ne, akwai inda mai ke gazawa ko inda iska ke satar hanya. Haka nan babur ɗin da ke tashi da asubar Janairu ba tare da cok ba, mai shi yana alfahari, yawanci ba lafiya ce ta yi masa yawa ba, mai ne yake sha fiye da kima dare da rana.

Wannan na biyun shi ne tarihin babur ɗin Baba. Soson filtar da ƙura ta toshe shi ne ke yin aikin cok shekara da shekaru. Yana tare iska, inji na jan mai da yawa, duk wata ɓaraka tana ɓoye a ƙarƙashin wannan. Da aka wanke soson iska ta samu hanya, sannan ɗari ya sauko, sai komai ya fito fili.

Abin da muka tarar

Na fara da sandar awon baƙin mai. Man ya haura layin sama, ya tsinke, kuma da na shafa a yatsa na kai hanci, warin esansi ne. Wannan ya fi buji tayar mini da hankali. Esansin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ta gefen zobba ya gauraya da na ƙasa. Mutumin da ke tafiyar kilomitoci kullum da cok a jaye yana goge zobbansa da hannunsa bai sani ba. Da an ƙara wata guda a haka, da maganar wancan mai gyaran ta zama gaskiya.

Muka sa buji mai tsabta, muka tayar da shi, muka bar shi ya yi ɗumi. Ina mayar da cok sai ya fara haki, ƙarar ta hau ta sauka, in an murɗa totur an saki sai ya jima bai sauko ba, daga bisani ya mutu. Wannan hali na injin da iska ta yi wa yawa ne. Na sa hannu ƙarƙashin robar da ta haɗa karbirato da kan inji na ɗan ɗaga karbiraton. Ta sama robar lafiya lau take a ido, ta ƙasa kuwa ga tsaga ta buɗe baki, tsawon farce, gefenta ya bushe ya yi tauri. Zafin Afrilu da Mayu, da girgizar hanyar garka, da nauyin karbirato, su suke cinye ta. Na lakato giris na toshe tsagar, nan take ƙarar ta daidaita. Yaron da ke riƙe da tocila ya ce, "Maigida, ashe nan take." Na ce masa rabinta ke nan. Wasu kan fesa esansi a wurin don gwaji, ni ba na yarda a yi haka kusa da wayar buji. Giris ko ruwan sabulu na ba da amsa iri ɗaya ba tare da gobara ba.

Da muka sauke karbirato muka buɗe kofinsa na ƙasa, akwai jar ƙasa mai laushi kwance, da ɗan ƙullin ruwa yana yawo ƙarƙashin mai. Karbirato na da jiklar biyu, wato ƴan ƙarafa masu huda da mai ke bi ta ciki, babba da ƙarami. Babban na aiki in an buɗe totur, ƙaramin shi ke ciyar da inji lokacin tashi da lokacin da yake ralanti, wato yana juyawa a hankali ba a murɗa totur ba, kuma hudarsa ba ta kai kaurin allurar ɗinki ba. Na ɗaga ƙaramin na duba ta hasken rana, maimakon zagayen haske sai wani ɗan tsinin haske a gefe ɗaya. Rabin hudar ya toshe da danƙon tsohon mai da ƙura. Shi ya sa babur ɗin ke gudu lafiya a kan hanya amma ya kasa tsayawa da kansa. Mun jiƙa shi, muka busa da iskar famfo, muka bi da silin wayar tagulla mai laushi. Allura ko wayar ƙarfe ba ta shiga nan. Tana yi wa hudar faɗi, kuma hudar da ta faɗaɗa ba ta komawa, babur ya zama mashayin mai har a canza jiklar ɗin.

Soson filtar ma akwai magana. An wanke shi an mayar a bushe, kuma gefensa ya yage. Irin wannan soso sai an ɗiga masa baƙin mai mai tsabta an matse, man ne ke kama ƙura, soson riƙe man kawai yake yi. Busasshen soso a hunturu, ƙurar da ke rufe rana tsaka ta wuce ta cikinsa kai tsaye. Honda ta fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashen da hanya ba kwalta kuma ba a cika kula da inji ba, shi ya sa aka yi masa soson da ake wankewa a mayar, da sandunan tura bawul maimakon sarƙa a kan inji. Yana da juriya ƙwarai, amma an ƙera shi ne a kan za a riƙa shafa wa soson mai.

Sai bawul. Tazarar da aka tsara wa wannan inji milimita 0.08 ce, ta shiga da ta fita, kuma ana auna ta ne inji na sanyi, wani dalilin kwanan babur a gareji ke nan. Na zura ma'aunin, a bawul ɗin fita ya ƙi shiga sam. Wani ya ɗaure shi tamau don ya kashe ɗan ƙaf-ƙaf ɗin da ke fitowa daga kan inji. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a garejojinmu, kuma masu babur ne ke neman ta, don kowa na son injinsa ya yi shiru. Bawul ɗin da ba shi da tazara ba ya zama daram a mazauninsa, matsi na zurarewa, kuma a saurin ƙafar mutum, wanda ba ya kai saurin inji, ɗan zurarewar nan ta isa ta hana tashi. In aka daɗe a haka bakin bawul ɗin ƙonewa yake. Ɗan ƙaf-ƙaf mai laushi a wannan inji alamar lafiya ce, kuma na fi son in ji shi da in ji shiru.

Ban sallami man da ke cikin tanki ba. Nijar na tace man ta a matatar SORAZ da ke Damagaram tun ƙarshen 2011, amma a nan Adar, kusa da iyaka, shekaru da yawa man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ne abin hawa ke sha. Janye tallafin mai da Najeriya ta yi a Mayun 2023 ya sauya kasuwar, sai dai kwalba ba ta ɓace ba, tunda mafi yawan ƙauyuka ba gidan mai, kuma mutanen nan suna fitar da jama'a kunya. Matsalar a ajiyar take. Esansi haɗin sinadarai ne, wasu na tafasa tun wajen digiri 35, wasu sai kusan 200. Masu saurin tashin su ne ke kunna inji mai sanyi, kuma su ne ke fara gudu daga kwalbar da ta wuni a rana da murfi sako-sako. Abin da ya rage zai tuƙa inji mai zafi ba tare da an lura ba, da asuba ne ake gane bambanci. Na ba shi shawara ya riƙa sayen wanda bai daɗe a rana ba, a tace masa da ƙyalle mai tsabta, muka kuma sa ƴar filtar mai tsakanin famfo da karbirato.

Gyaran kansa bai ɗauki rabin yini ba. Sabuwar roba, sabon soso da aka shafa wa mai, sabon buji da tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7, wankin karbirato, saita bawul, da juye baƙin mai. Sukurun ralanti da wani ya murɗe ciki don babur ya daina mutuwa muka mayar da shi daidai bayan inji ya yi zafi. Ba a taɓa fistan ba.

Hannun mai babur

Saura abin da ba a saye a kanti. Da farko na cire tiyon filta na nuna masa farantin da idonsa, na motsa hannun cok ya ga ya rufe, na mayar ya ga ya buɗe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tsofaffin babura alamar da ke jikin hannun ta goge, kuma na sha ganin mutumin da ke yawo da cok a rufe yana zaton a buɗe yake, saboda a babur ɗinsa na da can ta ɗaya gefen ake ja.

Na sake riƙe babur ɗin ya kwana, muka yi gwajin da asuba. Ya buɗe famfon mai ya ɗan jira kofin karbirato ya cika. Makulli a kashe, ya taka kik a hankali har sau biyu don mai ya shiga kuma baƙin mai ya motsa. Ya ja cok, ya kunna makulli, ya taka kik sannu har ya ji inda ya yi tauri, ya bar shi ya dawo sama, sannan ya sauke nauyinsa a kai bugu ɗaya dogo har ƙasa, totur a ɗan taɓe kaɗan. Ya tashi. Na ce kada ya ba shi wuta, ya saurara. Bayan ƴan daƙiƙu ƙarar ta fara nauyi, tana cin tuntuɓe, wannan ita ce alamar mai ya fara yawa. Ya mayar da cok rabi, ƙarar ta washe. Kafin minti ya cika ya mayar da shi gaba ɗaya, inji ya tsaya da kansa. Ya dube ni ya ce, "Ashe kunne aka sa ma abin, ba ƙarhi ba." Na ce, "Kunne ne, Baba, kuma kun riga kun iya a injin ban ruwa."

Na kuma koya masa abin yi in mai ya sake cika inji, don zai iya faruwa ga kowa. In an buga sau uku ko huɗu da cok bai tashi ba, kuma hanci ya ji ɗanyen esansi, a daina. A mayar da cok, a kashe makulli, a buɗe totur har ƙarshe, a taka kik sau da yawa iska ta share silinda, sannan a kunna a gwada ba cok. Ci gaba da bugu da cok a jaye ƙara jiƙa buji ne kawai.

A nan dole in ja kunnen masu wasu baburan, don kada su ɗauki wannan tsari su yi ta fama. Cok iri biyu ne. Akwai mai faranti irin na Baba. Akwai kuma wanda ba ya tare iska, wata ƴar hanya ta dabam yake buɗewa ta ƙarin mai, kuma ana samunsa a yawancin tsofaffin Yamaha da Suzuki masu cin mai haɗe da baƙin mai. Wannan na biyun yana aiki ne kawai in totur na rufe ruf, saboda zuƙar da ke bayan totur ita ke jawo man. Ka murɗa totur ko kaɗan, zuƙar ta karye, cok ɗin ya tashi aiki. Mai irin wannan babur ya ɗauke hannunsa daga totur gaba ɗaya har inji ya kama. Wanda bai san irin nasa ba ya sa a cire masa tiyon filta ya leƙa: in ya ga faranti na motsi, na farko ne, in bai ga komai ba, na biyu ne.

Akwai abubuwa biyu da na roƙe shi kada ya yi, don ya faɗa mini an ba shi shawararsu. Ɗaya ita ce kai garwashi ƙarƙashin inji don ya yi ɗumi. Karbirato na da tiyon da ke zubar da rarar mai ƙasa, daidai inda ake ajiye kaskon, kuma tururin esansi ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Ta biyu ita ce tayar da babur a cikin ɗaki ko zaure a rufe. Na san dalilin da ya sa ake kwana da babur a ɗaki, ɓarayi ne, kuma kwanan na taimaka wa tashi tunda ƙarfe bai sha raɓa da iska ba. Amma injin da ke kan cok shi ya fi kowane fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke sa ciwon kai da jiri, ta kuma kashe mutum a rufaffen wuri. A tura shi waje tukuna, musamman in akwai yara kwance. Na ƙara masa da cewa ya bar yi wa inji ihu da totur yana tashi, don baƙin mai da sanyi yana da kauri, yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya hau kan inji. Ya tashi a hankali, kilomita na farko ya bi shi sannu, inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya da yana tsaye.

A Fabrairu ya dawo juyen baƙin mai. Bakin buji ya koma ruwan ƙasa a bushe, man da muka juye ba warin esansi, kuma ya ce lita ta koma kai shi inda take kai shi da. Duk da haka ban ce masa an gama ba. Kik ɗin bai da taurin da nake so, kuma akwai ɗan shuɗin hayaƙi in ya ɗauko kaya a hawa, wato zobban sun fara ci, wani ɓangare shekaru, wani ɓangare makonnin da ya yi yana tafiya da cok da busasshen soso. Ƴar filtar man da muka sa ma ta riga ta tara jan gari, alamar cikin tanki ya yi tsatsa. Mun yi da shi in ya sayar da albasa a sauke tanki a wanke, a auna matsin injin, in awo ya nuna zobban sun kai sai a canza su a lokacin. Kafin nan zai riƙa kawo soson duk mako biyu muddin ƙura na tashi, ya kuma rufe famfon mai duk dare.